Yadda muka yi wasan wuta ranar Babbar Sallah a Ohio ba tare da mun taka doka ba

Shekara da shekaru kafin 2022, jihar Ohio ta Amurka tana da wata doka da ke ɗaure wa baƙo kai. Kana iya shiga shago mai lasisi ka sayi kayan wasan wuta, har irin waɗanda ke tashi sama su fashe, babu mai ce maka uffan. Amma doka ta ba ka awa 48 ka fitar da su daga jihar, domin kunna su a cikin Ohio laifi ne. A da har takarda ake miƙa wa mai saye ya rubuta inda zai kai su. Daga baya aka cire takardar, sharaɗin awa 48 kuwa ya zauna daram. Kowa ya san ba a kai su ko'ina, tunda daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, unguwarmu da ke arewacin Columbus ba ta runtsawa sai can tsakar dare saboda ƙara. Ni dai ban taɓa saya ba a wancan lokacin. Mutumin da ke zaune a ƙasar wasu da takardun da ya sha wuya kafin ya same su ba ya ɗaukar alkawarin da ya san ba zai cika ba.

Dokar ta sauya ranar 1 ga Yuli, 2022, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin nan. A 2021 majalisar dokokin jiha ta aika wa Gwamna Mike DeWine ƙudirin da zai halatta kunnawa, a watan Yuli ya ƙi sa hannu. Ya ce ƙudirin zai ninka girman ɗakunan da ake sayar da kayan ba tare da isassun matakan kariya ba, ya kuma tuna wa mutane gobarar Scottown a kudancin jihar, inda ranar 3 ga Yuli, 1996 wani ya kai wutar sigari jikin kaya a cikin shago, mutum 9 suka rasu. 'Yan kwanaki kafin ya ƙi sa hannun, mai tsaron ragar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Columbus, Matiss Kivlenieks, ɗan ƙasar Latbiya mai shekara 24, ya rasu a garin Novi na jihar Michigan bayan bututun harba wuta ya karkace ya same shi a ƙirji. Ko mu da ba ma kallon hoki mun ji wannan rashin, saboda duk garin maganar ake yi. Aka koma aka gyara ƙudirin, ya dawo da lamba 172, gwamna ya sa hannu a Nuwamban 2021.

Sabuwar dokar ranaku ta ƙidaya. Akwai jajibirin sabuwar shekara da ranar sabuwar shekara, da sabuwar shekarar Sinawa, da 5 ga Mayu da mutanen Meksiko ke biki, da ƙarshen makon tunawa da sojojin da suka rasu a ƙarshen Mayu, da 19 ga Yuni da ake tunawa da 'yanta bayi, da ƙarshen makon ranar ma'aikata a farkon Satumba, da Diwali ta mabiya addinin Hindu. Sai kuma 3 da 4 da 5 ga Yuli, haɗe da Juma'a da Asabar da Lahadi na kafin 4 ga wata da na bayanta. Na bi jerin nan daga sama har ƙasa ina neman Sallah, ƙarama ko babba, babu ita.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma ga dalili. 'Ya'yana a nan aka haife su. Suna ganin yadda gari ke cika da fitilu lokacin Kirsimeti, suna ganin dubban mutane a bakin kogin Scioto suna kallon wasan wutar da ake shirya wa birni a farkon Yuli. Sallah kuwa a wajensu ita ce a tashi da sassafe, a sa sabon kaya, a je wani zaure da aka kama haya a yi idi, a ci nama, washegari kowa ya koma harkarsa. Ni da na tashi a Kano na san Sallah da ƙarar 'yan bindiga a gaban tawagar Sarki da warin albarushi a iska, da mu yara muna sayen nokawut duk da sanarwar 'yan sanda ta hanawa. Ina son nawa yaran su ma su ji Sallarsu tana da amo.

Sai kalanda ta yi mana gata. An ga watan Zulhajji a ƙarshen Yuni, aka tsayar da Babbar Sallah ranar Asabar 9 ga Yuli, 2022. Ranar 4 ga wata Litinin ce, ke nan Asabar ɗinmu ita ce Asabar ta farko bayanta, tana cikin ranakun da doka ta yarda. Na nuna wa uwargida a waya. Ta duba ta ce, "Abban yara, jiha ta yarda. Gari fa? Mai gidan nan fa?"

Tambayarta ita ce ta zama aikina na kwanakin da suka biyo baya, domin a Amurka dokar wannan abu hawa-hawa ce. Gwamnatin tarayya ke faɗin irin kayan da za a iya sayar wa jama'a. Jiha ke faɗin ko za a saya, ko za a kunna, da yaushe. Ita kuma dokar Ohio ta bar wa kowane birni da kowace ƙaramar hukumar karkara ikon rage ranaku da awoyi, ko ma ta hana ɗungurungum. Majalisar birnin Columbus ta zaɓi hanawa tun kafin dokar jihar ta fara aiki. Cleveland da Dayton ma haka, da wasu garuruwan da ke kewaye da mu irin su Worthington da Upper Arlington. Wanda aka kama yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 1,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6. Takardar hayar gidanmu ma da na ɗauko, sai na tarar tun asali ta hana ajiye duk wani abu mai fashewa a cikin ginin, balle kunna shi a filin ajiye motoci.

Ban ji haushin birnin ba. Gidajenmu a manne suke, yawanci na katako, kuma ɗan tartsatsi ɗaya ya ishi rufi. Maƙwabtanmu da yawa Somaliyawa ne, wasunsu yaƙi ya koro su, kuma na sha ganin yadda wata dattijuwa a benenmu ke rufe tagogi ta kunna karatun Alƙur'ani da ƙarfi a daren 4 ga Yuli. Ga kuma cewa a wasu unguwanni ba ka iya bambance ƙarar nokawut da ta bindiga. A irin wannan wuri hanin daidai ne, ko da a ce ni aka tambaya haka zan zaɓa.

Saura neman fili a wajen gari. Akwai wani dattijonmu, Bahaushen zangon Kumasi da ya daɗe a Columbus, muna ce masa Baba Alhaji. Yana da gida da 'yar gona a karkara gabas da birni, kuma a can iyalai da dama ke haɗuwa da yammacin Sallah a yi suya. Na same shi bayan sallar Juma'a na durƙusa na gaishe shi, sannan na kawo maganar.

Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, kuɗi za ka ɗauka ka cinna musu wuta ranar layya? Ba ka tsoron almubazzaranci?"

Na ce, "Baba, na yi wannan tunanin. Abin da na ware bai kai kuɗin ɗinkin Sallar yaran ba, kuma ba zan taɓa na rago ko na zumunci ba. Farin cikin yara nake nema da shi."

Ya ce, "To. Amma sharaɗi biyu. Kada ɗan sanda ya tako gidana, kada kuma maƙwabcina ya ji haushina. Shekara da shekaru muna zaman lafiya da shi."

Ina ganin maganarsa ta almubazzaranci tana kan hanya, kuma duk mai niyyar wannan abu ya kamata ya tsaya a kanta. A shago na ga mutane suna tura keken kaya cike maƙil, abin da za su ƙone a dare ɗaya ya isa cefanen wata. Wannan ba shi da kai. Amma ɗan abin da ka auna, ka san iyakarsa, don yaro ya ɗaga kai ya yi dariya ranar idi, ban ga bambancinsa da sabuwar hula ko barka da Sallah ba.

Doka ta ce sai a filinka ko filin wanda ya ba ka izini, saboda haka na roƙi Baba ya sa hannu a wata 'yar takarda mai layi uku: sunansa, adireshin gonar, da cewa ya yarda in kunna ranar 9 ga wata. Daga nan na buga wa ofishin ƙaramar hukumar da gonar ke ciki. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci, domin adireshin wasiƙa yana iya ɗauke da sunan wani gari alhali filin yana ƙarƙashin wata hukuma dabam. Matar da ta ɗauki wayar ta nemi lambar gida da sunan titi, ta duba, ta ce filin nasu ne, kuma hukumarsu ba ta ƙara komai a kan dokar jiha ba. Ta ce in kira ofishin 'yan kwana-kwana na yankin in ji ko akwai hani saboda fari. Na kira. Jami'in ya ce babu, amma in sake dubawa ranar da abin zai faru, domin idan hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗin iska da bushewa, to izinin ranar ya faɗi ko da tana cikin jerin.

Shi ne kuma ya turo ni ga ƙa'idojin ofishin babban jami'in kashe gobara na jiha, waɗanda suka fi dokar kanta shiga daki-daki. Daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 11 na dare ake kunnawa, in ban da sabuwar shekara da ke da nata lokacin. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya taɓawa, ba ya kunnawa. Wanda ya sha giya ko ƙwaya ba ya kunnawa. Ba a yi a cikin gini, ba a yi a titi ko filin gwamnati. Duk abin da ke tashi sama sai ya yi nisan ƙafa 150, wato kamar mita 46, daga 'yan kallo da kuma daga kowane gini. Wanda ke feshi daga ƙasa kuwa ƙafa 50, kamar mita 15. Kusa da asibiti ko makaranta ko gidajen haya masu yawan jama'a ko layin dogo, nisan ya fi haka. Sannan kayan da za ka kunna a Ohio dole a Ohio ka saye su.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Idan inda za ka kunna yana cikin ƙafa 150 daga filin da ake kiwon dabbobi, sai ka ba mai filin sanarwa a rubuce kwana 5 kafin ranar. Maƙwabcin Baba yana da dawaki, kuma wurin da ya fi dacewa da mu, can ƙarshen gona nesa da gida, yana kusa da shingensa. Ranar Lahadi muka je ni da Baba da takardarmu. Wani dattijon Bature ne, ya fito da hular kaboyi da takalmin roba. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ya ninke ta ya sa a aljihun riga, ya ce tun da yake a wurin nan ba a taɓa kawo masa irin wannan takarda ba, sai dai ya ji ƙara ya fita da gudu ya tarar da dawaki suna neman tsallake shinge. Ya ce akwai wata goɗiya cikinsu mai firgita, zai shigar da su barga kafin duhu ya kunna musu rediyo. Ya tambayi wane biki ne. Baba ya ba shi labarin Annabi Ibrahim da ragon fansa, ya ce ai ya san labarin daga cocinsu. Muka gayyace shi.

Sai bayan 4 ga wata na je shago, lokacin da cunkoso ya ragu. Wani dogon gini ne shi kaɗai a gefen babbar hanya, nesa da sauran gine-gine, da allunan hana shan sigari tun daga inda ake ajiye mota. A bakin ƙofa aka karɓi lasin tuƙina aka duba shekaru. Ciki kuwa kwalaye ne jibge har sama kamar buhunan hatsi a Dawanau, kowanne da zanen damisa ko dodo ko tutar Amurka, kuma kusan duk wanda na juya an rubuta a Sin aka yi shi.

Wata matashiya mai aiki a wurin ta ga ina ta jujjuya kwali, ta zo ta tambayi girman filina da shekarun yaran da za su kalla. Ita ta nuna mini alamar 1.4G da ke jikin kowane kwali. Wannan ita ce alamar kayan da aka yarda a sayar wa kowa. Masu alamar 1.3G su ne manyan da ake harbawa a bikin birni, kuma sai ƙwararre mai lasisin tarayya ke mallakarsu. Hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi, CPSC, ita ta yanka iyakar na jama'a: nokawut ɗin ƙasa ba ya wuce miligiram 50 na hodar fashewa, na sama ba ya wuce miligiram 130 a ƙarar da yake yi, kuma lagwani dole ya ci tsakanin daƙiƙa 3 zuwa 9 kafin abin ya tashi, don mai kunnawa ya samu ja da baya. Manyan nokawut irin M-80 tun 1966 aka haramta su a duk ƙasar. Saboda haka idan wani ya buɗe maka but ɗin mota ya nuna maka abu a naɗe cikin takarda mara rubutu, mara gargaɗi, mara sunan kamfani, to ka san ba wanda ya auna abin da ke ciki.

Iri uku suka fi yawa a wurin. Akwai masu feshi, waɗanda ake ajiyewa a ƙasa su yi ta zubo tartsatsi sama kaɗan da tsayin mutum. Akwai akwati mai harbi da yawa, lagwani ɗaya ka kunna ya yi ta aika wuta sama ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi girmansa da doka ta yarda giram 500 ne na hoda. Sai bututu da ƙwallaye, inda kai ne za ka riƙa jefa ƙwallo a ciki kana kunnawa. Wannan na ƙarshen ban ko tsaya a kansa ba. Kowane harbi sai ka koma ka sunkuya kusa da bakin bututu, kuma labarin mai tsaron ragar nan yana raina. Na ɗauki masu feshi da yawa, da akwatuna matsakaita 'yan kaɗan, da babba guda ɗaya na rufewa. A wurin biya aka haɗa mini da takardar bayanin kariya da tabarau na roba, duka biyun doka ce ta wajabta wa masu shago su tanada. Dokar ta kuma ɗora kashi 4 cikin 100 a kan cinikin kayan, mafi yawansa yana tafiya wajen horar da 'yan kwana-kwana. Daga shago gonar Baba na wuce kai tsaye, muka kulle kayan a wani ɗakin ajiya busasshe, nesa da man injin yankan ciyawa.

A layin biya na ga motoci masu lambar wasu jihohi a waje, abin da ya sa na tuna da wani ƙanena da ke Boston wanda ya ce in ajiye masa kaɗan. Na ce masa a'a. Massachusetts ita kaɗai ce jihar da ta hana komai, har tsinken tartsatsin da yara ke riƙewa. Illinois da Vermont ƙananan abubuwa irin tsinken kawai suka yarda da su. Jihar New York ta yarda da masu tartsatsi a ƙasa a wasu yankuna, amma a birnin New York komai haramun ne. Pennsylvania da muke iyaka da ita sai 2017 ta bar mazaunanta su sayi masu tashi sama. Kuma ɗaukar kaya ka kai su jihar da ta hana laifi ne a dokar tarayya, ba ta jiha kaɗai ba. A jirgin sama kuwa ko a cikin akwati ba a shiga da su.

Ranar Sallah bayan idi da yanka, na duba hasashen yanayi, babu gargaɗi. Da la'asar, mata suna ta suya, na ɗauki tef ɗin awo mai ƙafa 100 na nufi ƙarshen gona da babban ɗana. Baba yana zaune a kujera ya hango mu ya ce, "Ɗana, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka tsaya can wajen bishiyar ya isa." Na ce, "Baba, bari dai mu gwada." Da muka ja tef sai bishiyar ta tsaya a ƙafa ɗari da 'yan kai. Ƙafa 150 ta fi yadda ido ke zato nisa, musamman a buɗaɗɗen fili. Muka ƙara gaba, muka auna daga gida, muka auna daga ɗakin ajiya, muka ja igiya a inda 'yan kallo za su tsaya muka jera kujeru a bayanta. A wurin kunnawa na shimfiɗa falanki a kan ciyawa don kada wani abu ya karkace, na tokare kowane akwati da bulo ta gefe biyu. Bokiti biyu cike da ruwa, mesa a jone da famfo, da tukunyar kashe gobara ta motata.

Ɗana yana da shekara 16 a lokacin, kuma shi ya ɗauko bulon duka. Ya ce, "Abba, ko guda ɗaya ka bar ni in kunna." Na ce masa doka ta ce 18, kuma da zarar an fara masu tashi sama ma sai ya koma bayan igiya tare da ƙannensa. Ransa bai so ba, ya yi ta cewa abokansa na makaranta suna yi. Na ba shi aikin tsare igiya da riƙe babbar tocila, na ce idan ya ga yaro ya tsallako ya ɗaga murya, ni kuma ba zan taɓa lagwani ba sai ya ce kowa yana wurinsa. Ya riƙe aikin da gaske har aka tashi.

Kan tsinken tartsatsi ne muka yi 'yar muhawara da iyaye mata. A Ohio an yarda da shi ko yaushe, ana sayar da shi har a kantunan cefane, shi ya sa mutane ke ɗaukarsa abin wasa. Amma zafinsa yana kai wa kusan digiri 2,000 a ma'aunin Amurka, sama da 1,000 a namu, zafin da ke narka wasu ƙarafa. Rahoton CPSC da ya fito a ƙarshen Yunin shekarar ya ce a 2021 kimanin mutum 11,500 aka kai sashen gaggawa na asibiti saboda wasan wuta, aƙalla 9 suka rasu, kuma mafi yawan raunukan a makonnin da ke kewaye da 4 ga Yuli suka faru. Ga kayan Sallarmu: 'yan mata cikin leshi da mayafi, maza cikin shadda mai faɗin hannu. Muka tsaya a kan cewa ƙananan yara za su riƙe sandunan roba masu haske, manya kaɗan kuma tsinke ɗaya-ɗaya, a tsaye, hannu a miƙe, an naɗe mayafi, kowa da babba a gefensa, in ya mutu a jefa shi a bokiti. Ni ma na cire babbar riga na sa ƙaramar riga ta auduga da takalmi rufaffe.

A Columbus a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9. Muka yi Magariba a kan tabarmi a tsakar gona, muka jira duhu ya sauka sosai, wanda ya kai mu kusan 9 da rabi da 'yan mintuna. Ke nan abin da ya rage kafin ƙarfe 11 bai kai awa ɗaya da rabi ba, ga Isha'i a ciki. Maƙwabcin Baba ya iso da matarsa da kujerunsu na ninkewa, aka zuba musu soyayyen nama da waina. Na sa tabarau, na fara da masu feshi, ɗaya bayan ɗaya, da doguwar laita, hannu a miƙe, fuska a gefe. Da akwatin farko ya aika wuta sama ta buɗe kore da ja a kan gonar masarar da ke bayanmu, sai na ji yaran sun kwashe da kabbara, su da kansu, ba wanda ya ce su yi. Autarmu tana kan cinyar Baba tana toshe kunne tana dariya.

Akwati ɗaya ya yi harbi kaɗan ya tsaya, lagwaninsa ya mutu a tsakiya. Wani daga cikin samarin ya ce a sake kunna shi. Takardar da aka ba ni a shago ta yi magana a kan wannan ƙarara: ba a sake kunnawa, ba a leƙawa. Muka bar shi a wurin, na matsa gefe da sauran, sai da aka yi kamar minti 20 sannan na feshe shi da mesa daga nesa, na ɗauke shi da shebur na nutsa a bokiti. Babban na rufewa ya tashi ƙarfe 10 da 'yan mintuna. Muka bi filin da tocila muna tsince kwalaye da guntayen takarda, muka jiƙa komai ya kwana a ruwa kafin a zuba a shara, domin kwalin da ya yi kamar ya mutu yana iya ci a cikin kwandon shara cikin dare. Da safe na koma na zaga ta gefen shingen maƙwabci na kwashe abin da iska ta kai can, kada doki ya ci. Ya ce goɗiyar ko motsi ba ta yi ba.

Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka gatan da kalanda ta yi mana bai daɗe ba. A 2023 idi ya faɗo Laraba 28 ga Yuni, muka jira Juma'a 30 ga wata, wadda take cikin kwanakin yanka kuma take cikin jerin jiha. A 2024 muka yi idi 16 ga Yuni, muka samu 19 ga wata. A 2025 kuwa Sallah ta zo 6 ga Yuni, babu wata ranar da aka yarda kusa da ita, sai tsinken tartsatsi da sandunan roba muka yi a gonar Baba. Haka za ta ci gaba da ja baya tana shiga bazara da hunturu, sai dai wani lokaci ta yi karo da wata ranar ta wasu.

Jerin ranakun nan 'yan majalisa ne suka rubuta shi, kuma su ke da ikon ƙara masa. Tunda Diwali da sabuwar shekarar Sinawa suna ciki, kuma su ma ranakunsu suna sauyawa kowace shekara, sauyawar ranar Sallah ba za ta zama hujjar barinta a waje ba. Musulmin Ohio ba kaɗan ba ne, Columbus kaɗai tana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan al'ummomin Somaliyawa a Amurka, ga mu 'yan Afirka ta Yamma, ga Larabawa a Toledo da Cleveland. Na rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu ina roƙon a sa idi biyu a cikin jerin, da ƙa'idoji iri ɗaya da na sauran, birane kuma su ci gaba da riƙe ikonsu na hanawa. Na kai ta masallaci bayan Juma'a don masu so su sa hannu. Baba Alhaji ya karɓi biro ya fara, sannan ya miƙa wa limamin Somaliyawan da ke kusa da shi.